Daga Lefen Kaba Zuwa Akwatin Kafur

 A wannan karon zancen akwati nake tafe da shi. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, yo shi akwati har wani abin rubutu ne? To 'yar'uwa ɗan ɗaga kai ki dubi ɗakinki. Gadon nan ke da maigida ne, kujerun nan baƙi ke morarsu, tukwane da kwanuka kuwa na kowa da kowa ne har da almajirin gida. Abu ɗaya ne tak naki ke kaɗai, wanda mukullinsa ke ɗaure a haɓar zaninki, shi ne akwati. Tare kuka shigo gidan nan. In zama ya ƙare, Allah ya kiyaye, shi zai riga ki fita. Ranar da kuma ta Allah ta kasance, shi za a buɗe a gaban magada a ga abin da kika tara da irin tsaftarki. Abin da yake da wannan matsayi bai kamata a saye shi da ka ba. Amma kafin mu je ga zancen zaɓe bari mu ɗan leƙa baya, tunda an ce waiwaye adon tafiya.

Kakanninmu na can farko ba su san akwati ba. Katakon kirki ba shi da yawa a ƙasarmu, sannan kaya a kan jaki da raƙumi suke tafiya, wa zai ɗora wa jaki gungumen katako alhali ga taiki ga mangala? Mace a adudu take ajiyar zannuwanta, ko a babbar ƙwarya mai faifai, wasu tsofaffin ma sun ce har a tukunyar ƙasa ake zuba saƙi da tsamiya a rufe baki saboda gara da gobara. Shi akwati baƙo ne, kuma in kina son sanin hanyoyin da ya biyo ki saurari sunayensa. Sanduƙi kalmar Larabci ce, ta biyo hanyar Sahara tare da littattafai da Larabawan Gadamas da Turabulus, waɗanda suka zauna a unguwanni irin su Dandalin Turawa a cikin birni. Adaka kuwa haka mutanen Asante ke kiran akwati har gobe, kin ga ke nan fataken goro ne suka zo mana da ita daga Gwanja. Shi kuma akwati, Yarabawa apoti suke cewa, ya biyo hanyar kudu ke nan daga bakin teku. Sunaye uku, hanyoyi uku. Na ƙarshen shi ya danne sauran, domin a 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, nauyi ya daina zama abin tsoro, kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant suka buɗe kantuna, abin da jaki ba zai ɗauka ba tarago ya ɗauka.

Shi kansa lefe da muke ta tada jijiyar wuya a kansa, 'yammata da yawa ba su san sunan mazubi ba ne. Wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a ciki ake jera 'yan zannuwan da ango ya yi wa amarya, wata tsohuwa ta ɗauka a ka ta kai. Mazubin ya ɓace, sunan ya zauna. Bayansa aka koma kwalla, manyan kwanukan nan masu murfi da zanen furanni, a jera atamfa a ciki a ɗaure da ɗankwali. A nan ne fa hannun mutanen Sin ya fara shiga ɗakin 'ya mace a ƙasar Hausa ba tare da ta sani ba. Bayan da 'yan gurguzu suka karɓi mulkin Sin a 1949, masu masana'antu da dama sun bar Shanghai sun koma Hong Kong, daga can kuma wasunsu suka gangaro Nijeriya dab da samun 'yancin kai suka kafa masana'antun kwano da na yadi. Kamfanin Nigerian Enamelware na Ikeja a 1960 aka kafa shi, masaƙar UNTL ta Kaduna ma wani attajirin Hong Kong ne, Cha Chi Ming, ya kafa ta cikin shekarun 1960. Saboda haka kwallar da aka yi wa iyayenmu lefe da ita, da atamfar da ke cikinta, da kwanukan jeren da suka yi ta gogewa duk ranar Juma'a, da yawansu aikin 'yan Sin ne. Masu cewa kayan Caina jiya-jiya suka shigo Kano ba su tambayi kakanninsu ba.

Daga kwalla sai fantimoti, daga fantimoti sai akwatin ƙarfe mai fenti, wanda duk wadda ta yi makarantar kwana irin ta Dala ta san shi, ta san kuma yadda yake yage zani in bakinsa ya lanƙwashe. Sai kuɗin man fetur suka zo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, idon mutane ya buɗe, kunya ta ragu. Akwatin Echolac ya shigo har sunansa ya zama sunan kowane akwatin tafiya. Tun ana kai ɗaya da kit, aka koma uku, aka koma shida, yanzu gidan da aka kai dozin ma sai an sami mai cewa ba a yi abin a zo a gani ba. Karyewar darajar naira daga 1986 ba ta sa mun rage ba, sai dai ta sa samari suka rage zuwa. Ba banza ba gwamnatin Kano ta hannun Hisbah ta fara auren gata a 2012, har a 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 da matansu a lokaci guda.

Ni dai abin da ke ba ni takaici ba yawan akwatunan ba ne kaɗai, rashin ƙarkonsu ne. Akwatin lefen yanzu na tafiya ne, an yi shi don a ja shi a filin jirgi, mu kuma muka mai da shi ma'ajiya. Roba ce da yadi da zif. A ɗora shida a kan sif, kafin a yaye ɗan fari zif ya tsage, taya ta fita, cikin ya fara wari, kyankyaso ya yi gida. Wallahi na sha ganin leshi mai tsada da asu ya huda a cikin akwatin da kuɗinsa ya isa jarin wata. Adudun kakarki bai kai kuɗin kit ɗaya ba, amma ya kai ta har tsufa.

Wannan ne ya kawo ni zancen wani irin akwati da ban ga na biyunsa ba wajen adana tufa, wato tsohon akwatin katakon kafur na ƙasar Sin. Kafur ɗin da muka sani, wanda sunansa ya zo a Alƙur'ani cikin Suratul Insan, wanda kuma ake sawa a ruwan ƙarshe na wankan gawa, asalinsa daga bishiya yake. Bishiya ce ƙatuwa da ke fitowa a kudancin Sin da Taiwan da Japan, katakonta yana da wani mai a cikinsa mai ƙamshi, asu da sauran ƙwarin tufa ba sa son kusantarsa. Sinawa sun daɗe da gane haka, shi ya sa a ciki suke ajiye alharini da kayan sanyi. A yankin da ke kudu da kogin Yangtze har ana ba da labarin wata al'ada, wai in aka haifi 'ya mace sai uba ya dasa bishiyar kafur a tsakar gida, yarinya na girma bishiya na girma, masu dalilin aure in suka hango reshe ya leƙo ta kan katanga sun san akwai budurwa a gidan. In aure ya tashi a sare bishiyar a yi mata akwati biyu a zuba alharini. A wajen Ningbo kuwa kayan ɗakin 'yar attajiri duk jan fenti ake yi musu, a jero su a kafaɗar 'yan dako, har suna yi wa jerin kirari da cewa tsawonsa li 10 ne, wajen kilomita 5 ke nan. Kin ji, ashe ba mu kaɗai ke da ciwon a gani a faɗa ba. Bambancin kawai, su iyayen yarinya ne ke yin akwatin, kuma sun yi shi ne don ya kai ta kabari ya wuce ga 'yarta.

Yadda ya fita duniya kuwa ta hanyar ciniki ne. Daga 1757 zuwa 1842 tashar jirgin ruwa ɗaya tak sarakunan Sin suka yarda Turawa su yi ciniki a cikinta, wato Guangzhou, wadda Turawan ke kira Kanton, garin da 'yan Kantin Kwari ke zirga-zirga yanzu. Kafintocin garin suka riƙa yi wa matuƙa jiragen ruwa akwatunan kafur, wasu katako zalla da tagulla a kusurwa, wasu an lulluɓe su da fata mai launi an jera musu ƙusoshin tagulla, har saiti-saiti ake yi ƙarami cikin babba, kamar dai na lefenmu. Masu sassaƙa a jiki kuwa, waɗanda aka fi gani, yawancinsu aikin ƙarni na 20 ne, an yi su a Shanghai da Hong Kong don baƙi. Hong Kong tana hannun Ingila har zuwa 1997, ma'aikatan mulkin mallaka da na kamfanoni kuma ana yi musu canjin wurin aiki daga wannan ƙasa zuwa waccan, kowa da kayansa.

Ta wannan hanyar ne wanda na fi sani ya iso Kano. Yana nan Hotoro a ɗakin wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Marigayi maigidanta ne ya saye shi a gwanjon kayan wani Bature da zai bar gidansa na Nassarawa, bayan dokar 1972 ta zamanin Gowon wadda ta mai da harkokin kasuwanci da dama hannun 'yan ƙasa. Ya fi shekara 50 a hannunta, ban da wanda ya yi a hannun Baturen. Da ta ɗaga murfin sai da ƙamshi ya cika ɗakin, ta zaro wani zanin saƙi na mahaifiyarta ta ce, "Taɓa ki ji 'yar nan, ko huda ɗaya babu." Na ce, "Hajiya ai sai ki sayar mini." Ta yi dariya ta ce jikokinta mata uku tuni sun fara harare-harare a kansa, in shiga layi.

Irin waɗannan akwatuna ba a shago ake jera su ba. Sukan fito ne in ana rabon gado a tsofaffin gidajen Nassarawa da Bompai, ko in wani baƙo zai tashi, ko a hannun dillalan tsofaffin kayan ɗaki, wani lokaci kuma masu zuwa Sin da Dubai su haɗo sababbi a kwantena. To in Allah ya haɗa ki da shi, kada kyan sassaƙa ya ruɗe ki, hancinki za ki fara sawa. Ki buɗe ki sunkuya. Ƙamshin kafur na gaskiya sanyi gare shi kamar na man zafi, kuma daga jikin katakon yake fitowa. In ya dushe saboda tsufa, ki sa a ɗan goga samfefa a wani lungu daga ciki, in na gaske ne nan take zai taso. In kuwa kika ji ƙamshi ya yi yawa har yana hawa kai, ga kuma maiƙo a jikin katako, to shafa masa aka yi don ke. Ki sani kuma da yawa daga masu sassaƙar nan wajensu wani katako ne daban, cikin ne kawai aka shimfiɗa wa kafur. Wannan ba aibi ba ne, aikin zai yi, amma kuɗinsa bai kai na kafur zalla ba, kada a haɗa miki su a farashi ɗaya.

Daga nan ki duba kusurwa. Aikin ƙwarai haƙora ake yanka wa katakon su shiga juna kamar an sarƙe yatsu, ba ƙusa aka bubbuga ba. Ki sa a kifa shi ki ga gindinsa, don a nan ƙarya take ɓuya: in falankin nan ne na manne-manne da kafintoci ke kira filawud, to ko dai sabo ne ko an yi masa gyara. In kika ga 'yan ƙananan huji da gari-gari na zuba, ƙwaro na ciki, ki bar musu kayansu kada ki kai wa gadonki da sif ɗinki annoba. Ki tafi da ɗan maganaɗisu a jaka ki kara a jikin marfin kwaɗon da mariƙan gefe. Tagulla ba ta kama maganaɗisu, in ya manne to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwa, damina biyu zai yi tsatsa ya ɓata miki farin kaya.

Sai zancen shekaru, inda dillali ya fi sakin baki. Zai ce miki wannan ya shekara 300, daga gidan sarkin Sin ya fito. Ki yi murmushi kawai. Tun 2007 hukumomin Sin suka hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911, saboda haka wanda ya ce jiya ya sauko da na zamanin sarakuna daga Guangzhou, ko dai ƙarya yake yi ko kuma ya yi abin da zai ja masa ɗauri. Can akwai masu sana'ar tsufar da sabon katako da hayaƙi da baƙin mai. Tsufan gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya: inda hannu ke taɓawa ya fi santsi, gefen da ya jingina da bango ya fi duhu, wajen kwaɗo ya goge. In kika ga ko'ina ya tsufa daidai wa daida, to a rana ɗaya ya tsufa. Ni a ganina ma ke da za ki zuba zani, me ya haɗa ki da shekara 300? Na shekara 60 mai lafiya ya fi miki na 200 mai ciwo. Ki biya kuɗin katako da aiki, kada ki biya kuɗin labari.

Akwai abu biyu da suka shafe mu mu Musulmi, waɗanda mai sayarwa ba zai faɗa miki ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Na farko, jajayen akwatunan nan na Sin masu sheƙi da aka lulluɓe da fata, da yawansu fatar alade ce. Ana gane ta da ƙofofin gashi, in kika ƙura ido za ki ga ɗigo uku-uku a tare. A mazhabarmu ta Malikiyya jima ba ya halatta amfani da fatar alade, to ina ke ina zuba hijabin sallarki a ciki? In kina shakka ki tsaya ga na katako zalla, hankalinki kwance. Na biyu shi ne sassaƙar. Wasu furanni ne da gora da duwatsu da jiragen ruwa, wasu kuwa mutane ne tsaye da wani dodon maciji mai ƙafafu da Sinawa ke girmamawa. Kafin ki kai wannan ɗakin da kike salla ki tambayi malaminki, kada sai kin biya maigida ya ce ba a gidansa ba, a zo ana jin kunyar mayarwa.

In kin saya kuma saura riƙo, don ƙasarmu ba irin tasu ba ce. Katakon nan a ƙasa mai laima ya girma, hunturun Kano kuwa ko leɓen mutum bai bari ba balle katako. Kada ki ajiye shi jikin taga inda rana ke duka, ko a saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki, zai tsage. In sanyi ya kama ki riƙa shafa wa bayansa man goge katako kaɗan, amma cikin kada ki kuskura ki shafa komai, kada kuma wani kafinta ya ce zai yi miki fenti ko banish a ciki, ya toshe ƙamshin ke nan ya kashe akwatin. Ki ɗora shi a kan 'yan duwatsu ko guntayen bulo saboda gara da sanyin siminti lokacin damina. Ki shimfiɗa farin alawayyo kafin ki jera kaya, don man katakon kan yi wa farar shadda tabo. Murfinsa nauyi gare shi, ki riƙa kulle shi saboda yara masu wasan ɓuya.

Tunda zancen ya zo nan bari in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna. Fararen ƙwallayen nan da muke saya a kasuwa muna kira kafur muna watsawa a akwati, yawancinsu ba kafur ɗin bishiya ba ne, wani sinadari ne da ake samu daga kwal da ɗanyen mai. Likitoci a Nijeriya sun daɗe suna gargaɗi a kansa, domin akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, in aka sa musu kayan da suka kwana da shi sai jini ya riƙa fashewa, shawara mai tsanani ta kama su har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mu kuma mai ciki tun wata bakwai take jera kayan jariri ta watsa musu shi don ƙauna. Kayan jariri dai a wanke a shanya a rana a ajiye su daban, ba a cikin ƙwallayen nan ba, ba kuma a cikin akwatin kafur ɗin kansa ba, shi na zannuwanki ne.

Wadda kuma ba ta sami na Sin ba, ko ta samu kuɗin ya fi ƙarfinta, ba a rufe mata ƙofa ba. Katakon maɗaci da na iroko suna nan a 'Yan Katako ta Na'ibawa, dukansu masu ƙarko ne kuma gara ba ta cika son su ba. Ki sami kafinta dattijo wanda ya iya haɗin haƙora, ki ce busasshen katako kike so wanda ya ga hunturu aƙalla ɗaya, don ɗanye in ya bushe a ɗakinki murfin ba zai sake zama daidai ba. Ki ce ya yi miki ɗan tire daga sama na sarƙa da 'yan kunne da takardun asibiti da na makarantar yara, ya yi masa ƙafafu tsawon yatsa huɗu, zurfinsa kuma kada ya wuce inda hannunki zai taɓo ƙasa kina durƙushe. Tsawon kuwa ki ba shi turmin atamfa a ninke ya auna, jeri biyu gefe da gefe.